Naman jiki na motsi, hannu na rawa: in koma wurin likitan farko ko in nemi wani?

Mai Keken Ɗinki:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a wannan zaure. Shekarata 36, ina zaune a Kano, sana'ata ɗinki. Kusan wata huɗu ke nan naman sha-raɓata yana motsi da kansa, wani lokaci damtse, wani lokaci fatar idon hagu. Babu zafi, sai dai wurin ya riƙa harbawa a ƙarƙashin fata, ya yi ɗan lokaci ya daina, ya koma wani wuri. Daga baya hannuwana biyu suka fara rawa, musamman in zan zura zare a allura ko na ɗauki kofin shayi. In na ajiye su a cinya ba sa yi.

Na ga likita a wani asibitin kuɗi. Ya auna hawan jini, ya ce damuwa ce, ya rubuta mini amitriptyline na dare da ƙwayoyin bitamin B. Ba a ɗebi jini ba. Barci ya gyaru, amma rawar hannun kamar ma ƙaruwa ta yi. Ina da asma tun ina yaro, kuma da hunturun nan kusan kullum sai na shaƙi Ventolin. Wani abokina ya ce in sayi propranolol a kemis, wani ya ce in je a yi mini hoton MRI, intanet kuma ta tsorata ni da wata cuta da ake kira ALS.

Shin ya dace in nemi ra'ayin wani likita? In ya dace, wane irin likita, kuma me zan tafi da shi?

Likitan Jijiyoyi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya, Malam. Ba a gano cuta ta rubutu, sai an taɓa jiki, amma abin da ka zayyana ya isa a nuna maka hanya.

Abu biyu ka haɗa, gara a raba su: motsin nama daban, rawar hannu daban, ko da yake sau da yawa tushensu ɗaya.

Kowace jijiya da ta fito daga laka tana riƙe da ɗan gungun zaren tsoka. In ta harba ba a umarce ta ba, wannan gungun kaɗai ke motsawa, shi ya sa fata take rawa amma gaɓar ba ta ɗagawa. Mafi yawan masu lafiya suna samun haka jefi-jefi, kuma sha-raɓa da fatar ido su ne wuraren da ya fi zuwa. Abin da ke tsokano shi sananne ne: ƙarancin barci, shayi mai kauri, kofi, goro, lemukan ƙarin kuzari, fargaba, gajiyar tsoka (wanda ya wuni yana taka keke kada ya yi mamakin sha-raɓa), ƙarancin maganiziyam ko kalsiyam a jini, da wasu magunguna.

ALS, cutar da take kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, ba ta nan take farawa ba. Da rauni take farawa, kuma rauni a wurinmu ba kasala ba ne. Shi ne aikin da gaɓa take yi a da, yanzu ta kasa: murɗa makulli, ɓalla maɓalli, matse almakashi, silifas ya riƙa zamewa daga ƙafa, tuntuɓe saboda gaban ƙafar ba ya ɗaguwa, harshe ya yi nauyi, ƙwarewa da ruwa. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa a hannu ɗaya. Tana kama wuri ɗaya ta bazu daga nan, wata bayan wata tana ƙaruwa, ba ta zuwa ta tafi. Ko a Turai, inda aka fi ƙididdige ta, kusan mutum 2 ne cikin 100,000 suke kamuwa a shekara, galibinsu sun haura 50. Rawar hannu kuma ba ta cikin alamunta. Motsin da ke yawo daga ido zuwa damtse zuwa ƙafa, wata huɗu, ba tare da wata gaɓa ta gaza ba, bai yi kama da ita ba. Ka gwada da kanka: yi tafiya a kan dunduniya taku goma, a kan yatsu taku goma, tsuguna ka miƙe ba tare da dafa komai ba, kwatanta naman bayan hannuwanka biyu a haske.

Ita rawar hannu, tambayar farko ita ce yaushe take zuwa. In tana zuwa hannu yana ajiye a cinya, ta lafa in an miƙa shi, ta fara da gefe ɗaya, babban yatsa yana goga manuni kamar mai jan carbi, sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, to ana tunanin cutar Parkinson. Ita ma ba ta tsayawa a rawa: motsi yana yin sanyi, gaɓoɓi su sage, rubutu ya ƙanƙance, hannu ɗaya ya daina lilo a tafiya.

In kuma tana zuwa ne lokacin da aka miƙa hannu ko ana aiki da shi, a hannu biyu, siririya mai sauri, to yawanci rawar nan ce da kowa yake da ita a ɓoye, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wani abu ya fito da ita fili: magani, sinadarin kafin, fargaba, faɗuwar suga, ko ƙululun tayirod na wuya yana aiki fiye da kima. Akwai kuma rawar gado, wadda take tafiya a hankali shekara da shekaru, kusan rabin masu ita akwai mai irinta a dangi, wani lokaci har kai da murya suna yi.

Ta uku ita ce wadda take tsananta in yatsa ya kusa abin da ya nufa, tare da tangaɗi a tafiya ko lauyewar magana. Wannan daga ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya take, kuma ita ce mai buƙatar MRI.

Taka ta fi kama da ta biyu. Don haka kada ka kai kuɗinka wurin MRI yanzu. Hoton ba ya nuna rawar gado, ba ya nuna aikin magani, ba ya nuna tayirod, ko Parkinson ba da shi ake gano ta ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ya nuna wasu 'yan ɗigo marasa ma'ana, a ƙara maka wata fargabar.

Neman ra'ayi na biyu ya dace, kuma dalilina ba wai likitan farko ya yi kuskure ba ne, mai yiwuwa damuwar tana ciki. Amma damuwa ita ce amsar da ake bayarwa bayan an kore sauran, kuma a nan ba a ɗebi jini ba, ba a bi jerin magungunanka ba. Ga wanda bai kai 40 ba akwai kuma cutar Wilson, inda tagulla take taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma tana da magani, shi ya sa in an rasa wani dalili ake gwajin hanta da na ceruloplasmin (sinadarin da ke ɗaukar tagulla a jini), likitan ido kuma ya duba zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido.

Za ka gane an duba ka yadda ya kamata in an sa ka cire riga ka naɗe wando, an kalli tsokar tana hutawa, an gwada ƙarfin kowace gaɓa, an buga gwiwa da idon sawu da 'yar guduma, an leƙa harshe yana kwance a cikin baki (in aka zaro shi, na kowa rawa yake yi), an ɗora takarda a bayan hannuwanka, an sa ka zana layi mai naɗewa, ka taɓa hanci, ka yi tafiya, an ji bugun jini, an lalubi wuya. Bai wuce minti 15 zuwa 20 ba.

Hajiya Mai Haɗa Magani:

Malam, kafin komai: kada ka sha propranolol. Gaskiya ne shi ne maganin farko na rawar gado, ana farawa da miligiram 40 sau biyu a rana, amma ba ga mai asma ba. Ventolin yana buɗe hanyoyin numfashi ne ta wata kafa a jikin tsokarsu, propranolol kuma wannan kafar yake toshewa. Ƙwaya ɗaya tana iya tayar da asma mai tsanani, sannan in ka shaƙi Ventolin ɗin ya ƙi aiki. Haka mai bugun zuciya a hankali bai kamata ya sha ba, mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan Daonil kuma yana ɓoye masa alamun faɗuwar suga.

Irin wannan kafar tana nan a tsokar hannu da ƙafa, shi ya sa Ventolin da kansa yake kawo rawar hannu da motsin nama, yana kuma rage fotasiyam na jini in an yawaita. Ka lura ko rawar tana ƙaruwa cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan ka shaƙa. In kana haɗawa da ƙwayar salbutamol ta sha, ko aminophylline, ko Franol, sun fi na shaƙa girgiza jiki nesa ba kusa ba. Amma kada ka ce za ka daina shaƙa don hannu ya tsaya. Wanda yake buƙatar Ventolin fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta kwanta ba ke nan, abin da yake buƙata shi ne na rigakafi da ake shaƙa kullum, irin beclometasone ko budesonide. In asmar ta kwanta, buƙatar Ventolin za ta ragu, rawar da yake jawowa ta bi ta.

Amitriptyline ma yana cikin masu kawo rawar hannu da saurin bugun zuciya, don haka abin da ka lura na ƙaruwarta ba zato ba ne. Kada ka yanke shi da kanka rana ɗaya, ka gaya wa likita ranar da ka fara da ranar da ka ga canji.

Bitamin B ɗin ka duba bayan kwalin. Wasu haɗe-haɗen suna ɗauke da miligiram 100 zuwa 200 na B6 a ƙwaya ɗaya, kuma B6 mai yawa wata da watanni shi da kansa yana lalata jijiyoyi, ƙafa ta riƙa mutuwa tana tsira. Sannan in za a auna B12 a jini, wanda kake sha zai ɗaga sakamakon. In akwai biotin a ciki, wanda ake sawa a bitamin ɗin gashi da farce, a ajiye shi aƙalla kwana 2 kafin gwajin tayirod, don yana rikita sakamakon har ya nuna cutar da babu.

Saboda masu karatu da ke da irin wannan matsala, ga waɗanda ake mantawa ba a faɗa wa likita ba. Plasil, Stemetil da Stugeron, da ake saye don amai da jiri, da kuma haloperidol da Largactil, suna iya kawo rawa da sagewa irin ta Parkinson sak, musamman ga tsofaffi. Epilim na farfaɗiya, lithium, fluoxetine, prednisolone da dexamethasone (da ake cusawa a magungunan ƙiba) suna kawo rawa a lokacin aiki. Maganin mura mai pseudoephedrine haka. Panadol Extra da garin Alabukun akwai kafin a cikinsu. Omeprazole na dogon lokaci yana rage maganiziyam, Lasix da hydrochlorothiazide suna zubar da fotasiyam da maganiziyam, metformin yana rage B12. Wanda ya saba da tramadol, kodin, diazepam ko giya, in ya rage ko ya makara, hannu yana rawa da sassafe. Likita ba ɗan sanda ba ne, a gaya masa.

Sai abubuwan da ba magani ba. Fiya-fiya da maganin feshin gona suna sa nama ya yi ta motsi, tare da gumi, dalalar yawu, murɗar ciki da ƙanƙancewar baƙin ido. Zaiba, wadda ake samu a wasu mayukan bilicin kuma masu haƙar zinare suke ƙonawa, tana kawo rawar hannu da saurin fushi.

Exol da wasu masu kemis suke miƙa wa duk mai rawar hannu ba ya yi wa irin taka komai, sai bushewar baki da dishi-dishin ido, tsoho kuma ya ruɗe ko fitsari ya tsaya masa.

Ranar zuwa asibiti ka zuba komai a leda, har na gargajiya da na Islamik kemis, da kwalayensu. Shayi da goro kuma ka rage su a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, in ka yanke lokaci ɗaya ciwon kai zai kama ka.

Sista Mai Jinya:

Ni zan tsaya a kan hanyar da ake bi, don a nan mutane suke ɓata lokaci da kuɗi.

Likitoci uku ake rikitawa. Akwai likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa wanda yake magani da ƙwaya, shi ne na rawar hannu, farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai mai tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Akwai kuma na taɓin hankali. Na farkon kake nema, kuma a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsa: na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ba a shiga wurinsa kai tsaye. Ko dai ka zo da takardar turawa daga wani likita, ko ka yanki kati ka fara da GOPD, wato sashen ganin likita na gama-gari, su tura ka. Asibitin ƙwararrun yana da ranakunsa a mako, kuma mai yiwuwa a ba ka rana nan da makonni. In kana ƙarƙashin inshorar NHIA ko ta jiha, takardar daga asibitinka na farko za ta fito tare da lambar amincewa, in ba haka ba daga aljihunka za ka biya.

Ka koma wurin likitan farko ka nemi takardar. Ba rashin kunya ba ne, kuma ba sai ka yi dogon bayani ba: "Likita, na sha maganin, barci ya gyaru amma hannun bai daina ba, ina so ka tura ni wurin ƙwararre." Kundin haƙƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a Najeriya a 2018 ya ba ka damar samun bayanan jinyarka. Fayil ɗin na asibiti ne, amma kwafin sakamakon gwaji da taƙaitaccen rahoto haƙƙinka ne.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɓoye wa likita na biyu abin da na farko ya ce, wai a gwada shi a gani. Abin da ke biyo baya, a maimaita gwaji, a sake rubuta maganin da bai yi ba, ko a haɗa biyun da ba sa haɗuwa. Wani kuskuren kuma shiga da sunan cuta a baki. In ka fara da "ina tsoron ALS", zaman zai ƙare a kan kwantar maka da hankali, a mance da hannun. Fara da abin da jiki yake yi, tsoron ka faɗe shi daga baya.

Motsin nama yana da halin ɓacewa ranar asibiti, don haka ka ɗauke shi a waya. Haske ya zo daga gefe, ba daga sama ba, gaɓar a sake, daƙiƙa 30 ya isa. Hannun kuma a ɗauke shi sau uku: a cinya, a miƙe, da kana kai kofin ruwa baki. A takarda ɗaya ka rubuta watan da kowace alama ta fara, sannan ka yi mako biyu kana rubuta lokacin Ventolin, kofin shayi nawa, goro nawa, barci awa nawa, da lokacin da rawar ta fi. Ka tambayi manya a gida ko akwai mai rawar hannu ko ta kai a dangin uwa ko uba. Ka sa wando mai faɗi, kada ka shafa mai.

Kafin ka tashi daga gabansa ka sami amsar waɗannan: wane irin rawa ce a ganinsa, me yake so gwajin ya kore, wane magani zan ci gaba da shi wane zan bari, me zan gani in dawo kafin ranata. Ka roƙi a rubuta maka sunan abin a takarda. In ƙaramin likita ne ya gan ka, kana iya tambaya cikin ladabi ko za a nuna wa babban.

In ra'ayin biyu ya saɓa, kada ka sha maganin wannan da na wancan. Zaɓi ɗaya ya riƙe jinyar, ka kai masa takardar ɗayan.

Abubuwan da ba sa jiran rana, sai sashen gaggawa: hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wahalar haɗiya ko numfashi, rauni da ke hawa daga ƙafa zuwa sama cikin kwanaki, yatsu su ƙage tare da tsirar leɓe, ko rawa da zazzaɓi da ruɗewa.

Mai Keken Ɗinki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Propranolol ban saya ba, alhamdulillah. Na yi tafiyar dunduniya da ta yatsu lafiya, almakashi ma ina riƙewa kamar da. Babu mai rawar hannu a gidanmu. Abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba: na rame duk da ina cin abinci sosai, ina jin zafi ko da sanyin nan, kuma zuciyata tana bugawa da ƙarfi in na kwanta. Wuyana dai bai kumbura ba. Sannan gwajin jijiya da tsoka na EMG da nake gani ana ambata, ina buƙatarsa?

Likitan Iyali:

Malam, wannan da ka ƙara ya canja lissafi, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Sista. Kada ka zauna jiran ranar likitan jijiyoyi. Rama ana cin abinci, jin zafi da hunturu, bugun zuciya, siririyar rawa a hannu biyu, rashin barci da abin da ya yi kama da damuwa: sai an kore tayirod kafin a yi maganar wani abu. Wannan kowane likita zai iya rubuta gwajinsa a makon nan, har wanda ka fara gani. Rashin maƙoƙo bai kore shi ba, ƙululun yana iya yin aiki fiye da kima ba tare da ya fito an gani ba.

Gwajin su ne TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, da T4 saki (free T4), sinadarin da tayirod ɗin yake fitarwa. TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0 a yawancin ɗakunan gwaji. Mutane suna ruɗewa a nan, don in tayirod ya yi yawa TSH sauka yake yi, sau da yawa ƙasa da 0.1, T4 kuma ya hau. Ba ya buƙatar azumi. A ɗebi jinin sau ɗaya a haɗa da sauran: fotasiyam da aikin ƙoda, kalsiyam tare da albumin, maganiziyam, suga, ƙirgen jini, da aikin hanta. Fotasiyam 3.5 zuwa 5.0 ne, kalsiyam kusan 2.1 zuwa 2.6, maganiziyam 0.7 zuwa 1.0, amma ka bi ma'aunin da ke jikin takardar ɗakin gwajin. Maganiziyam ba ya cikin gwajin gishirin jini da aka saba rubutawa, sai an ambace shi da suna. Tunda akwai rama, likita zai so ya kore ciwon suga, tarin fuka da HIV, kada ka ji wani iri in an rubuta, ƙa'ida ce.

Abubuwan da ke ɓata sakamako: ɗaure damtse ya daɗe ana sa ka dunƙule hannu kana buɗewa, ko jinin ya jima a ajiye kafin a kai shi na'ura, duka suna ɗaga fotasiyam na ƙarya, har su rufe ƙarancinsa. In an rubuta CK, gwajin tsoka, kada ka yi aikin ƙarfi kwana 2 zuwa 3 kafin nan, allurar ɗuwawu ma tana ɗaga shi, kuma na baƙaƙen maza dama ya fi na Turawan da aka yi ma'aunin da su, don haka ɗan hawa kaɗan ba cuta ba ne.

Ka ƙirga bugun jininka a wuyan hannu minti ɗaya cur, da safe kafin ka tashi, kafin shayi da Ventolin. In yana haura 100, ko yana tsalle ba bisa tsari ba, a yi ECG, gwajin bugun zuciya, a ranar. Dalilin gaggawar shi ne tayirod mai yawa da Ventolin da amitriptyline duka ukun zuciya suke kora.

In gwajin ya tabbatar, likitan da za a tura ka wurinsa shi ne na suga da tayirod, ba na jijiyoyi ba. Maganin da aka fi farawa da shi carbimazole ne, yana ɗaukar mako 4 zuwa 8 kafin jiki ya daidaita, ana sha wata 12 zuwa 18 ana auna jini ana rage shi. Duk mai shansa in ya ji ciwon maƙogwaro, zazzaɓi ko gyambon baki, ya dakata ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ranar, kada ya ce maleriya ce ya tafi kemis. A al'ada ana haɗawa da propranolol don kwantar da zuciya da rawa, saboda haka ka faɗi asmarka da bakinka ko ba a tambaya ba. Akwai madadinsa, irin diltiazem.

Likitan Jijiyoyi:

Na yarda da abokin aikina, a fara da jinin. Takardar turawar ka karɓa ka ajiye, in sakamakon ya fito lafiya sai ka bi hanyar da Sista ta faɗa.

EMG ba ka buƙatarsa yanzu. Ana yin sa ne in an sami rauni, ko tsoka ta tsotse, ko gudumar ta nuna canji, ko motsin ya kafe a gaɓa ɗaya tare da mutuwar fata, wanda sau da yawa jijiya ce ta matsu a wuya ko a ƙugu. Kashi biyu ne. Da farko ana manna wayoyi a fata a ba jijiya ɗan lantarki a auna saurinta, yana fizga amma ba ya cutarwa. Sannan a soka siririyar allura a wasu tsokoki a saurare su suna hutawa da kuma suna aiki. Duka minti 30 zuwa awa ɗaya, wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Mai shan warfarin ko mai batirin zuciya ya faɗa tun kafin a fara. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, kuma sakamakon ya dogara da wanda ya riƙe allurar, don haka likitan da ya duba ka shi zai ce inda za a yi da tsokokin da za a soka. In takardar ta ce an ga motsin nama kawai ba tare da alamar mutuwar jijiya ba, wannan sakamako ne mai kyau.

In jini ya fito lafiya, an gyara maganin asma, an rage shayi da goro, dubawa kuma ba ta nuna rauni ba, abin da ake yi shi ne a sake duba ka bayan wata 3 zuwa 6 a kwatanta ƙarfin gaɓoɓin da na farko. Motsin naman yana iya ci gaba a tsawon wannan lokaci, ba shi ake aunawa ba. In rawar hannun ta ci gaba da hana ka zura allura bayan an kore sauran, primidone shi ne wanda ake ba mai asma, ana farawa da kaɗan da dare saboda jirin kwanakin farko. Ka zo da zanen layin nan mai naɗewa da ka yi a gida da kowane hannu, ba tare da ka jingina shi da tebur ba, da kwanan wata a jikin kowace takarda.